Yadda Na Ciyar da Masu Gadin Jinin Tabawa

Da sunan Wanda ya halicci giwa, ya kuma halicci ƙwaron da ke hana giwa sukuni, ya yanka wa kowannensu abincinsa. Bayan haka, ni ne Bagudu, fatken kilishi, wanda ya taka ƙasashe goma sha tara, aka kore shi daga shida kacal. Wanda ya ji labarin nan ya yi wa kunnensa nauyi, ga hanya nan, ya je ya duba da kansa. Tafiyar wata bakwai ce, in jakinsa na da lafiya.

Shekarar da abin ya faru, ni da matata Tabawa mun kai kaya Ƙasar Jan Yashi, can bayan inda rana ke sauka ta huta. Tabawa ba ta barina in yi fatauci ni kaɗai, wai in ta bar ni zan sayar da jakin in dawo mata da labari. A ƙasar nan akwai wani ɗan ƙuda da bai kai rabin sauro ba, ba ya kuka, ba ya sallama. Ni ya ɗanɗana ni ya tofar. Ita kuwa, bayan wata biyu zazzaɓi ya kama ta ya ƙi saki. Saifa ta kumbura, ciki ya fito, hannuwa suka koma kamar karan dawa, fatarta ta yi duhu. Matar da ke cinye akushinta ta sa hannu a nawa, sai ga ta tana yin loma biyu ta ture.

Mutanen ƙasar na ganinta suka ce wannan baƙon saifa ne, wasu ƙwayoyin halitta ne ƙudan ke zuba wa mutum a jini, kuma wanda suka shiga ba ya wuce wata shida.

Tabawa ta ce, "Baban Larai, in na mutu kada ka binne ni a nan. Ban son yashinsu."

Na ce, "Ba za ki mutu ba. Wa zai riƙa ƙaryata ni a gaban mutane?"

Na ɗora ta a jaki muka nufi Dutsen Ɗaci, inda aka ce akwai wani mai magani, Gagarau, wanda ba a taɓa mutuwa da zazzaɓi a hannunsa ba. Kuma gaskiya ne. Yana da wani rawayan magani mai kashe ƙwayoyin nan tas. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne, maganin ba ya tambayar hanya. In ya shiga jiki, duk wanda ya tarar duka yake yi, ya fi kuma tsanar ƙoda. Sai zazzaɓi ya sauka, fitsari ya ɗauke, mutum ya cika jikinsa sanyi ƙalau. Gagarau ya dafa goshin gawa ya ce wa dangi, "Ku taɓa ku ji. Akwai zazzaɓi?"

Kwana uku Tabawa na karɓar maganin, ƙafafunta suka kumbura, ta riƙa karkarwa har gadon karan na amsawa. Na ce zan tafi da ita. Gagarau ya ce dokar gidansa, ba a fita sai da cikakkiyar lafiya ko a makara.

To, tunda ƙofa biyu ce, na zaɓi wadda ke buɗe. Da hantsi na ari makara, na lulluɓe Tabawa, na nemi mutum uku daga ayarinmu muka ɗauka, ina gaba ina rusa kuka. "Wayyo Tabawa! Mai haƙuri, wadda ba ta taɓa ɗaga mini murya ba!" Na ji makarar na rawa, dariya ce ke neman tona mu. A bakin ƙofa mai gadi ya miƙa hannu zai ɗaga mayafi. Na zaro sallen kilishi mai yaji na ɗora masa a tafin hannun, na ce sadakar mamaciya ce. Hannun da ke riƙe da kilishi ba ya ɗaga mayafi. Muka wuce.

Ɗaya daga cikin masu ɗaukar makarar ne ya ba ni labarin Birnin Ƙanƙanau, inda magina ke gina tukwanen da ido ba ya gani, su zuba magani a ciki, tukunyar ta kai shi inda ciwo yake ba tare da ya taɓa ko'ina ba. Ayari ya yi gabas, mu muka yi arewa. A kwana na huɗu jakin ya kwanta, bai sake tashi ba. Na kwance rawanina na goya Tabawa.

Tsakaninmu da birnin akwai Kogin Raɓa, wanda ba ya wanzuwa sai da safe, rana na yin zafi ya tashi sama ya bar rami mai zurfin da tsuntsu ke gajiya kafin ya kai ƙasa. Ba kwalekwale. Wata ƙatuwar kififiya ce ke fito, bayanta ya kai faɗin masussuka, kuma ba ta ɗaukar kowa sai ya ba ta labarin da ba ta taɓa ji ba. Na ce a raina, yau an zo gidana. Na ba ta labarin zakaran da ya yi limanci, ta ce wani Bakano ya riga ni. Na ba ta na rijiyar da ɓarayi suka sace, ta yi hamma. Labari talatin na zuba, duk ta ji su, wasu ma ta gyara mini ƙarshensu. Ruwa kuwa ya fara hayaƙi.

Sai Tabawa ta ɗago kai daga bayana ta ce, "Baiwar Allah, kin ga wannan mutumin? Shekara ashirin da bakwai ina yi masa tsiya safe da yamma. Yau kwanansa goma sha ɗaya yana goye da ni, kuma bai faɗa wa kowa ba."

Kififiya ta dube ni ta ce, "Goyon na taɓa ji sau ɗaya. Fatke ya yi abin kirki ya yi shiru, wannan sabo ne. Ku hau."

Birnin Ƙanƙanau fari ne fat, ko'ina a share, mutanensa ba sa yarda da komai sai abin da suka gani da ido. A ƙofar gari, bisa sabo, na zaro ragowar kilishina na miƙa wa mai gadi. Wallahi da maciji na miƙa masa da bai yi tsallen da ya yi ba. Mutane suka taru, wata mata ta rufe idon 'yarta. Shugaban masu gadi ya zo ya yi mini bayani a hankali, kamar mai magana da kurma. A zamanin kakanninsu, wani mai gadi ya karɓi ƙosai ya buɗe wa maƙiya ƙofa. Tun ranar suka yi rantsuwa: ba a ciyar da mai gadi a bakin aikinsa, ko da ruwa ne. Na farko an yafe mini don baƙunta. Na biyu, a ranar za a fitar da ni da duk abin da na zo da shi.

Na waiwaya na dubi abin da na zo da shi, wato Tabawa. Ta yi nauyin ɗan akuya a lokacin.

Shugabar magina wata tsohuwa ce, Iya Yalwa, gajeriya, mai ido kamar na shaho. Ta kwantar da Tabawa a ɗakin masu ciwon saifa, su arba'in da wani abu, ni kuma ta sa ni aiki, don a can duk wanda ya kawo majinyaci sai ya taya aiki. A nan na ga yadda ake ginin. Ba da hannu ba ne. Mai ake narkawa, a haɗa da rawayan maganin nan irin na Gagarau, a zuba a ruwa, a ɗora a kan wata ganga da ke bugawa da sautin da kunne ba ya ji, sai karnuka kawai ke guduwa. Man ya farfashe ya dunƙule da kansa, kowane ɗigo ya rufe magani a cikinsa. Sai a tace ta rariya bakwai, kowace ta fi ta baya ƙananan ƙofofi. Tukwanen da suka fita ta bakwai, dubunsu za su yi layi a kan faɗin gashi guda ba su cika shi ba.

Aiki na ƙarshe shi ne abin alfaharinsu. Ana tsoma tukwanen a wani ruwa mai santsi da suke kira riga. Iya Yalwa ta ce a cikin jinin kowa akwai masu gadi, aikinsu su haɗiye duk baƙon abu. Tukunyar da aka sa wa riga, masu gadin ba sa ganinta, layar zana ke nan. Ta haka suke kai magani huhun wanda funfuna ta tsiro masa a ciki, ya tashi garau. Na ga waɗanda suka warke da idona.

Amma Tabawa, kwana tara ana yi mata allurar tukwane masu riga, ƙoda lafiya lau, saifa kuwa ko gezau. A ɗakin an fitar da gawa biyu.

Na ce, "Iya, a nuna mini abokin gabar nan. Ban saba faɗa da wanda ban gani ba."

Ta kai ni gaban wani madubinsu mai hawa bakwai, mai girmama abin da ido ba ya gani, ta ɗiga abin da ta tsotso daga saifar Tabawa. Na sa ido. Jama'a, gari ne guda! Ga masu gadin nan, manya, masu taiɓa, suna tafe a hankali suna laluben abin haɗiya, ka rantse wasu da na sani ne a hanyar kasuwa. Ga tukwanen Iya suna wucewa ta gabansu sumul. Na ce, "To ina ɓarayin?"

"Duba cikin masu gadin."

Na duba. Kowane mai gadi cikinsa cike da 'yan ƙwayoyi, sun baje suna hayayyafa. Ina kallo ɗaya ya fashe, suka watsu, sauran masu gadin suka bi su suka haɗiye, su kuma suka sami sababbin ɗakuna.

Iya Yalwa ta ce, "Ka ga masifar. Shekara sittin muna ƙara wa riga santsi, ciwon nan ya ƙi."

Na dube ta, na sake duban madubi, na ce, "Iya, Allah ya ba ki haƙuri, ni jahili ne. Ɓarawo yana cikin mai gadi. Kun ɗinka wa magani rigar da mai gadi ba zai gan shi ba. To ta ina za su haɗu?"

"Me kake nufi?"

"A tuɓe rigar. A ɗan shafa wa tukunyar zaƙi. Mai gadi ya haɗiye, ta narke a cikinsa, magani ya sami ɓarawo a kan gado. Ƙoda ma ba ta san an yi ba."

Ta kama haɓa. "A ciyar da mai gadi? Bagudu, magini ba ya zama magini a garin nan sai ya rantse mai gadi ba zai taɓa haɗiyar tukunyarsa ba. Wanda aka haɗiye tasa, kwashe kayansa yake. Uwata ta yi rantsuwar nan, ni ma na yi."

"Masu gadin ƙofa ake nufi, Iya."

"Mai gadi mai gadi ne."

Ta kafa idonta a kan madubin. Na ga leɓenta na motsi, tana lissafin abin da ba ta son ta sani. Sai na gyara murya na ce, "To shi ke nan, a bar maganar. Amma ni baƙo ne, hannuna na rawa. Ki faɗa mini yadda ake ɓata tukunya, don in kiyaye."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Kada ka kuskura ka tsaya a rariya ta biyar, don masu gadi sun fi son loma mai ɗan girma. Kada ka manta da riga. Kuma ko kusa kada ka taɓa farar kwalbar can ta saman kanta, zaƙin da ke ciki suna jin ƙanshinsa daga nesa. Ɗigo uku a kwano ya isa ya lalata komai. Ka ji ko?"

"Na ji, Iya. Uku."

"Kuma allura bakwai, kwana bibbiyu tsakani. Wanda ya tsaya a hanya, ƙwayoyin da suka rage su dawo da fushi."

Na je na faɗa wa Tabawa komai, har da abin da zai biyo baya in an kama mu, don jikinta ne. Ta ce, "Wato cin hanci za ka bayar a cikin jinina."

"Sadaka ce."

"Baban Larai, duk duniya aka rasa abin da zai cece ni sai halinka na tsiya. Je ka yi."

Washegari da safe na yi duk kuskuren nan uku, ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa. Iya Yalwa ta karɓi kwanon ba ta tambaye ni komai ba, ta yi allurar da hannunta. Bayan ta biyu zazzaɓi ya sauka, fitsari na nan. Bayan ta uku Tabawa ta ce kunun gidan ba gishiri ba tsami, wa ya dama shi? Na fita bayan ɗaki na yi kuka na gaske, ba irin na makara ba.

A ranar aka kama ni. Akwai mai duba aiki da ke ɗibar jinin majinyata ya ƙirga tukwanen da ke yawo. Ya duba na Tabawa bai ga ko ɗaya ba. Ya leƙa cikin masu gadi ya same su sun yi nak. Kafin azahar ina gaban Alƙali Mani, gari ya cika zaure, an kawo Tabawa a kujera, ga Iya Yalwa a gefe ta sunkuyar da kai. Saura allura huɗu. In aka fitar da mu yau, ko Kogin Raɓa ba za ta kai ba.

Alƙali dogo ne, mai furfura, idanunsa sun yi ja kamar wanda ya daɗe yana jinya. Ya ce, "Kai baƙo, an ce ka ciyar da masu gadi har dubu dubbai. Me ka ce?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wa ya gani?"

Mai duba aiki ya tashi. "Na gan su a ƙoshe!"

"Ka gan su a ƙoshe. Ka ga lokacin da suka ci? Ka ga hannuna a bakinsu? Ni tun da na shigo garin nan ake ce mini ba ku yarda da abin da ido bai gani ba. Yau za a fara a kaina don ni baƙo ne?"

Zaure ya ɗauki guna-guni. Alƙali ya juya wurin Iya Yalwa ya ce, "Magajiyar magina, ke me kika sani?"

Ta miƙe ta ce, "Na gargaɗe shi a kan abu uku, Malam. Abin da ya yi da gargaɗin, ban tsaya a kansa ba. Abin da na gani da idona shi ne, saifar matar nan ta sauka da faɗin yatsa huɗu, kuma ƙwayoyin da ke cikin masu gadinta sun mutu fiye da rabi. Shekarata hamsin a ɗakin nan ban taɓa ganin haka ba."

Wani daga baya ya ce, "Ƙanin Malam ma yana ɗakin!" Aka ce masa ya yi shiru.

Alƙali ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, "Laifin nan babba ne, ba a yanke masa hukunci da ji-ta-ji-ta. Kotu ba ta gani ba. Saboda haka wanda ake tuhuma zai maimaita abin da ake zargin ya yi, a gaban kotu, awo da awo, magatakarda na rubutawa, magina duka suna kallo don su zama shaidu. Sau nawa ya kamata, Magajiya, kafin a tabbatar?"

"Huɗu, Malam. Kwana bibbiyu tsakani."

"Huɗu. Kuma tunda jiki ɗaya ba ya isa hujja, za a gwada a kan duk na ɗakin da ya yarda, a ga ko masu gadinsu ma za su karɓa."

Mai duba aiki ya ce, "Malam, ai wannan aikata laifin ne sau arba'in!"

"Bincike ne. Zauna."

Haka aka yi. Kwana takwas ina aikata laifi a bainar jama'a, alƙali na sa ido a madubi yana cewa bai gani sosai ba, a sake. Masu gadin kowa suka karɓa, ban ga wanda ya ƙi ba, har na ƙanin alƙali. Biyu daga cikin majinyatan ciwon ya riga ya ci su, Allah ya ji ƙansu. Sauran suka fara neman tuwo.

Ranar da aka koma zama, Tabawa da ƙafarta ta shigo zauren, ciki ya koma, ta ɗaure zani a inda ake ɗaure shi. Alƙali ya ce maganar masu gadin jini tana da zurfi, kotu za ta ci gaba da bincike, kuma ya umarci magina kada su daina kawo hujja. Na ji an ce har yanzu ba a gama ba. Amma ya ce ba zai yiwu a sallami mutum irina haka kawai ba. Ya dubi Tabawa ya ce, "Baiwar Allah, a jikinki aka yi ɓarnar nan. Me kike so a yi masa?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Allah ya gafarta Malam, a ba ni shi. Ni na san inda ke masa ciwo."

Alƙali ya ce, "An ba ki. Har iyakar rayuwarsa, ba ɗaukaka ƙara."

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina cin wannan hukunci, kuma mai tsaron nawa ba ta karɓar komai. Iyakar abin da na gani ke nan. Abin da na ƙara Allah ya yafe mini, abin da na rage ku tambaye ta.